Ranar Da Ɗantala Ya Gayyaci Shanu Gonar Doya

Ni mai shayi ne, sunana Khamis, teburina yana nan bakin titi a Magajiya. Duk ƙaryar da za a yi a Suleja sai ta fara zama a bencina ta sha ruwan zafi kafin ta shiga gari, saboda haka na san masu cika baki kala-kala. Amma irin Ɗantala, wallahi ban taɓa gani ba.

Aikinsa jera kujeru ne da kafa rumfa a wuraren taro a Abuja. A kwashe su a bayan mota, su jera, a gama, su kwashe, su dawo. To wata rana aka kai su wani otal inda masana ke taro kan yadda za a kula da gonaki da wuraren kiwo da dazuzzuka. Ɗantala ya tsaya bakin ƙofa riƙe da tiren ruwan gora, ya ji abin da ya ji. Da aka tashi, wani ya manta koriyar hula a kan kujera. Daga nan muka shiga uku.

Da yamma sai ga shi a bencina, hula a ka, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Ya ce, "Khamis, haɗa mini mai kauri. Kuma daga yau in za ka kira ni, ka ce Dokta."

Na ce, "Dokta na me? Na kujeru?"

"Na bayodabasiti."

"Subhanallahi! Ana ɗauka ne?"

"Ka ji matsalarku ke nan, jahilci. Ba cuta ba ce. Gona ba ta hatsi kaɗai ba ce. Sai da tsuntsu, da kwaɗo, da ƙudan zuma, da itace, da dabba, kowa yana yi wa kowa aiki. Manomi da makiyayi da daji duk 'yan gida ɗaya ne. Ni na gane a zama ɗaya, alhali masu kwat ɗin nan sai hamma suke yi. Ku ba ni damina ɗaya, gonata za ta zama abin kallo. Har Turawa sai sun zo."

Maganar fa gaskiya ce, ni ma na sha jin irinta a rediyo. Matsalar kawai ita ce bakin da ta faɗo ciki.

Na farko dai, Ɗantala ba shi da gona. Wadda yake kira "gonata" matarsa Rabi ce ke nomawa, ita ma aro aka ba ta. Tana can hanyar Diko, mallakar wani dattijon Gbagyi mai suna Baba Irmiya, wanda ya tsufa ya daina riƙe fartanya. Doya da gyaɗar da Rabi ke samu a wurin su ne abincin gidan, don aikin kujeru yau akwai, gobe babu. Baba Irmiya bai nemi ko tsinke a hannunta ba, sai sharaɗi guda. A ƙarshen gonar akwai ɗan kurmi a bakin rafi, mai ɗorawa da maɗaci da kaɗanya, cike da tsuntsaye, da amyoyinsa na zuma rataye can ƙololuwa. Sarƙaƙiya mai ƙaya ta kewaye shi ta raba shi da burtali, wato hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Dattijon ya ce mata, "'Yata, ki noma duk inda kika ga dama. Amma ranar da aka taɓa mini kurmi, ranar zan karɓi gonata." Kowa a unguwa ya san wannan, har Ɗantala.

Aka yi rashin sa'a, a daminar nan Baba Irmiya ya tafi Minna wurin 'yarsa da ta haihu.

Dokta ya fara da kwaɗi. Ya ce ya zagaya gonar kaf bai ga kwaɗo ko ɗaya ba, kuma wannan abin kunya ne. Rabi ta ce, "Baban Umaima, da tsakar rana ka je. Kwaɗon ma yana da hankali." Bai saurara ba. Ya shiga kududdufin bayan tasha ya cika bokiti, ya rufe da faranti, ya hau acaba. Suna isa mahaɗar Diko ɗan acaba ya faɗa rami. Faranti ya yi sama, kwaɗi suka bi shi. Wasu suka sauka a tiren mai dafaffiyar masara, wani ƙato ya shige ta tagar motar Kaduna ya zauna a cinyar wata hajiya. Ihun da ta kurma sai da direba ya kashe mota ya fito da gudu, ya bar fasinja. Ɗan acaba ya sauke Ɗantala a wurin, ya ce ko gawarsa ba zai sake ɗauka ba.

Da ya dawo na ce, "Dokta, yaya kwaɗi?"

Ya ce, "Na raba su a Diko. Can ma suna da buƙata."

Sai gafiya. Ya je wurin mafarauta ya karɓo masu rai a buhu, ya sake su tsakiyar gyaɗar Rabi, wai ƙasa tana buƙatar mai yi mata ramuka ta sha iska. Ƙasa ta sha iska kuwa. Kafin Rabi ta ankara, kunya guda ta gyaɗa ta koma ɓawo.

Ranar har teburina ta biyo shi, mayafi a kafaɗa, ido ja.

"Baban Umaima, wa ya kai ɓeraye gonata?"

"Ba ɓeraye ba ne, ma'aikata ne."

"To ma'aikatanka sun cinye albashinsu har da na baɗi. Ina roƙonka da girman Allah, ka fita harkar gonar nan. Da ita nake ciyar da kai da 'ya'yanka."

Ya juyo ya dube mu, ya girgiza kai. "Kun gani ko? Duk babban mutum daga gidansa ake fara yi masa adawa."

Rabi ta ce, "Ka yi haukanka a ko'ina, amma kurmin Baba, ko da wasa."

"Wa ya ce zan taɓa shi? Gyara shi kawai zan yi."

Da jin kalmar gyara na san akwai matsala. Rabi ma ta ji, amma a makon nan aka yi mata rasuwa a unguwar Kurmin Sarki, ta tafi zaman makoki. Dokta ya samu fili.

Ni da idona na je na gani, don ba na son a ba ni labari. Jama'a, mutumin nan ya share kurmi! Da tsintsiya! Duk ganyen da ya shekara yana ruɓewa a ƙasa ya tara ya banka masa wuta, wai datti ne. Igiyoyin daji da ke lilo a jikin itatuwa ya sare su, wai sun sa wurin ya yi kama da gidan mayu. Ya sayo farar ƙasa ya shafe gindin kowace bishiya har ƙugu, sai ka ce barikin soja. Sheƙunan tsuntsaye da ya iske a ƙananan rassa ya sauke, ya ce ba a jere suke ba, ya ɗaura musu gwangwanayen madara a layi su koma ciki. Babu tsuntsun da ya koma, duk sun yi ƙaura. Amyoyin Baba Irmiya kuma, ya sa an sassauto su ƙasa-ƙasa, daidai kafaɗar mutum.

Na ce, "Dokta, wannan fa? Zuma a ƙasa?"

"Baƙi ba za su zo daga Abuja su yi ta ɗaga wuya ba. Manyan mutane suna da hawan jini."

Amma babbar ɓarnar ita ce sarƙaƙiya. Ya sa adda ya fasa mata ƙofa mai faɗin da mota za ta shige, daga burtali kai tsaye zuwa cikin kurmi. Ya kafa sanduna biyu, ya ɗaura balan-balan.

"Wannan ƙofar ta wa ce?"

Ya yi murmushi irin na wanda ya san abin da ba ka sani ba. "Ta shanu."

Wato mataki na ƙarshe ke nan, haɗa manomi da makiyayi. Kowa ya san yadda ake yi tun kakanni: sai an kawar da amfanin gona, sannan a bar shanu su shiga su ci kara da harawa, su bar wa mai gona taki. Shi kuwa Dokta ya ce wannan tsohon yayi ne, shuka ta fi buƙatar taki lokacin da take tsaye. Me ya sa za a jira sai ta tafi? A watan da doya ta fara ɗaukar jiki, yaɗonta ya rufe sanduna kore shar, a nan ya je rugar da ke bayan rafi ya sami Ja'e, makiyayin da ya daɗe yana bin burtalin. Ni ya ja na raka shi, wai in zama shaida.

Ja'e ya saurare shi har ya gama, yana jingine da sandarsa. Sannan ya dube ni ya ce, "Mai shayi, lafiyarsa ƙalau?"

Na ce, "Haka aka ba mu shi."

Ya ce, "Malam, ni tun ina yaro ake kora ta daga gona. An bi ni da gora, an kai ni gaban mai unguwa, an kai ni ofishin 'yan sanda. Yau ne kawai aka zo har gida ana roƙona in shiga. Ba zan shiga ba."

"Tsoro kake ji?"

"Ƙwarai kuwa."

"Ai na tsara komai. Na ja igiya layi biyu tsakanin tulin doya. Shanu za su bi ta tsakiya, su tsaya inda na yi alama, su yi abin da ya kawo su, su juya."

"Wa ya gaya wa shanun?"

"Ni zan yi musu bayani. Dabba tana gane mai ilimi."

Ja'e ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa. Ɗantala bai bar shi ba. Ya je da safe, ya koma da yamma, ya ce za a sa shi a talabijin, ya ce in ya ƙi to shi ne ba ya son zaman lafiya a ƙasar nan. Da Ja'e ya gaji ya ce zai kawo 'yan kaɗan masu sanyin hali, amma sai Ɗantala ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a cewa shi ya gayyace su.

"A lasifika ma zan faɗa!"

Ranar buɗe Gonar Haɗin Kai, kamar yadda ya sa mata suna, rabin Magajiya sun je. Ba don ilimi ba fa, kowa ya san za a yi abin kallo. An kafa rumfa a bakin kurmi, kujeru a jere tsaf, don wannan kam ya iya. An kawo janareta da lasifika. Babban baƙo daga Abuja ya sauko daga mota sanye da kwat da baƙin tabarau, aka tashi ana tafi. Ni dai na ƙura masa ido, sai na ga ashe Jide ne, direban motar kujeru.

Na raɗa masa, "Jide, yaushe ka zama darakta?"

Ya ce, "Abeg rufa mini asiri. Shinkafa aka ce akwai."

Ana cikin haka sai ga Rabi, daga gidan makoki kai tsaye, wata ta kai mata labari. Ta tsaya ta kalli fararen itatuwa, ta kalli ƙofar da aka fasa, ta kalli balan-balan. Ta ɗora hannu biyu a ka.

"Na shiga uku na lalace! Baban Umaima, ka kashe ni!"

Ya rufe makirfo da tafin hannu. "Maman Umaima, ana ɗaukar hoto. Zauna a layin gaba, na ajiye miki kujera mai hannu."

Ya gyara hula, ya yi gyaran murya. Ya gode wa Allah, ya gode wa kansa. Ya ce masana na Abuja magana kawai suka iya, shi ne ya zo da aiki. Ya ce daga yau rikicin manomi da makiyayi ya ƙare a Najeriya, kuma a rubuta cewa a Suleja aka binne shi. Sannan ya ɗaga murya: "Ni, Dokta Ɗantala, da bakina, ina gayyatar shanun Ja'e su shigo gonata!"

Ja'e ya ɗaga sanda ya ce, "Jama'a kun ji dai ko?"

Aka amsa, "Mun ji!"

Shanu suka shigo ta ƙofa, tiɓi-tiɓi, wani farin bijimi a gaba. Gaskiya da farko sun bi igiyar, har wasu suka fara tafi. Ɗantala ya kumbura kamar an hura shi. Ya matso da makirfo kusa da bijimin, don ya cika alkawarin yi masa bayani.

"Yauwa, bawan Allah. Dama ciyawa ce taka, hagu doya ce, ba ruwanka da..."

Lasifika ta yi wata ƙara, ƙiiiii, irin mai shiga haƙori. Bijimi ya zabura ya yi baya, ya juya, ƙahonsa ya ɗauki amya guda ya maka ta da gindin maɗaci. Ta fashe.

Tirƙashi!

Na taɓa jin ana cewa zuma ta tashi, amma ranar na gani. Sama ta yi baƙi. Shanun da ke ciki suka yi cikin doya, igiya ta naɗe ƙafafunsu suna jan ta da sandunan yaɗo gaba ɗaya. Sauran garken da Ja'e ya bari a mashaya suka ji kukan 'yan'uwansu, suka taho, suka iske ƙofa a buɗe har da balan-balan. Me za su jira? Suka kwararo. Rumfa ta kife kan 'yan layin gaba. Mai ɗaukar hoto ya jefar da waya ya ranta a na kare. Darakta Jide ya cire kwat ya rufe kai, yana ihu da Yarbanci, ya shige mota ya kulle, ashe zuma ta riga shi shiga. Mai shinkafa ta ɗauki tukunyarta a ka ta yi burtali, mutane na bin ta, ban sani ba ko gudun zuma suke ko bin shinkafa. Ja'e na tsakiyar gona yana kiran shanunsa da sunayensu, babu mai jin sa.

Shi kuwa Dokta, makirfo na hannunsa har lokacin, duk Diko ana jin sa: "A kwantar da hankali! Yana cikin tsari! Wayyo! Yana cikin... wayyo Allah idona!" Daga nan sai muka ji tsulum. Ya faɗa rafi.

Ni a ƙarƙashin benci na ga ƙarshen abin, da buhu a kaina.

Da ƙura ta lafa, zuma ta huce, Ja'e ya kore shanunsa, muka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa da kumburinsa. Gona kam ba a magana. Tulin doya sun baje, yaɗo ya tafi cikin shanu, gyaɗar da gafiya ta rage an tattake ta. Rabi ta zauna a kan wani tuli da ya rushe, ta tono 'yar doya da ba ta wuce yatsa ba, ta riƙe ta tana kallo. Ba ta yi ihu ba, hawaye kawai. Wallahi duk dariyar da ke cikina sai ta tsaya, tausayinta ya kama ni.

A nan acaba ya tsaya a burtali, Baba Irmiya ya sauko. Ashe tun jiya wani ya buga masa waya.

Dattijon ya wuce mu kai tsaye. Ya shiga ta ƙofar, ya shafa farar ƙasar da ke jikin ɗorawa, ya dubi hannunsa. Ya tsaya kan fasasshiyar amyarsa. Ya ɗaga kai yana sauraro, babu kukan tsuntsu ko ɗaya.

Ya ce, "Ina shi?"

Aka nuna rafi. Kan Ɗantala kawai ke waje, fuska ta kumbura, ido ɗaya ya rufe ruf, leɓe kamar an soya shi.

"Baba, sannu da hanya," in ji shi. "Ka iske mu muna ɗan gwaji."

"Fito."

Rabi ta rarrafo ta durƙusa. "Baba, ka yi mini rai. Ban sani ba, ina gidan makoki. In ka karɓe gonar nan ban san abin da zan ba yara ba."

"'Yata, na ce kar a taɓa."

"Ka faɗa, Baba."

Har mun fara fidda rai. Can sai Ja'e ya ce, "Baba, ni ba ruwana, da lasifika aka kira ni. Amma in gaya maka gaskiya, shanu sun ga hanya. Ba nawa kaɗai ke bin burtalin nan ba. Kullum sai sun gwada ƙofar nan."

Ɗantala, yana ɗigar ruwa, ya ɗaga yatsa. "Wannan mai sauƙi ne. A Abuja akwai wata wayar shinge ta zamani..."

"Rufe mini baki!" Baba Irmiya ya daka masa tsawa. "Ba a sa mini ƙarfe a kurmi. Ƙayar nan tun kakana take tsaye a wurin nan, rana da ruwa, ba ta taɓa neman a tafa mata ba. Kai ka cire ta. To za ka dasa wata, kuma kai za ka tsaya a wurinta har ta girma. Daga fitowar shanu har komawarsu. Rabi ta ci gaba da nomanta. Amma ranar da saniya ɗaya ta wuce ka, ranar zan karɓi gonata."

"Baba, sarƙaƙiya fa tana daɗewa kafin ta..."

"Tana daɗewa ƙwarai."

To, yau ana nan. In ka bi hanyar Diko ka leƙa burtali za ka gan shi a bakin ƙofa, da 'yan tsiron ƙaya a gefensa da ba su kai gwiwa ba. Duk wanda ya wuce sai ya tsayar da shi ya gaya masa an naɗa shi babban jami'in gandun daji, kuma daga sama aka turo sunansa. Rannan na kai masa shayi a gora, na iske Rabi ta kawo masa abincin rana. Ya buɗe kwano ya leƙa, garin kwaki ne jiƙaƙƙe, ko sukari babu.

Ya ɓata fuska. "Haba Maman Umaima! Mutum na bakin aiki tun safe. Ina laifin 'yar doya, ko yanka biyu?"

Rabi ta karɓi murfin kwanonta, ta nuna burtali da haɓa. Garke ne tafe, farin bijimin nan a gaba.

Ta ce, "Ga waɗanda suka ci ta nan, ka tambaye su. Tashi ka buɗe hannuwa ka tare ƙofa."